Aikin feroksidas wajen taurara kara

Karan dawa da yake lanƙwasa a hannu yana ɗanye, bayan kaka sai da adda ake sare shi. Liginin ne, sinadarin da ke taurara itace, ya shiga bangon ƙwayoyin halittarsa, musamman a jijiyoyin da ke ɗaukar ruwa daga saiwa zuwa ganye da zaruruwan da ke kewaye da su. Idan babu shi, jijiyoyin sai su rufta saboda ƙarfin jan ruwa.

Tsiro yana haɗa tubalan liginin ne daga amino asid ɗin da ake kira fenilalanin. Tubalan uku ne: kumaril, koniferil da sinafil. Ana yin su a cikin ƙwayar, a fitar da su zuwa bango, kuma da kansu ba sa manne wa juna. A nan feroksidas yake shigowa. Enzayim ne, wato furotin mai hanzarta aikin sinadarai, mai ɗauke da ƙarfe a tsakiyarsa cikin wani zobe irin wanda ke cikin jini. Yana karɓar haidirojin feroksaid ɗaya, ya cire ilektiron daga tubali biyu, su zama radikal masu neman abin kamawa. Daga nan babu ruwan enzayim. Su da kansu suke haɗuwa, mafi yawa ta haɗin da ake kira β-O-4. Shi ya sa liginin ba shi da tsari ɗaya mai maimaituwa kamar selulos, babban zaren bangon ƙwayar.

Saboda haka muhimmin abu shi ne wurin da enzayim ɗin ya zauna da inda feroksaid yake fitowa. Wani enzayim a jikin fatar ƙwayar, RBOH, shi ke samar da sufaoksaid da ake juyawa zuwa feroksaid daidai inda ake bukata. Wani enzayim mai suna lakas ma yana irin aikin feroksidas, sai dai shi tagulla yake ɗauke da ita, kuma iskar oksijin yake amfani da ita kai tsaye. A tsiron Arabidopsis akwai ƙwayoyin gado 73 na wannan rukuni na feroksidas, shinkafa tana da 138. Yawan nan ne yake wahalar da masu bincike: ka kashe ɗaya, ɗan'uwansa ya ɗauki aikin. Amma an ga raguwar liginin a kara lokacin da aka lalata ɗaya daga cikinsu, PRX72 na Arabidopsis.

Mai son gani da idonsa, ya yanka ɗanyen kara da reza, siriri yadda haske zai ratsa. A ɗiga sinadarin floroglusinol kashi 2 cikin 100 da aka narkar a etanol, a bi da ɗigon asid na HCl mai ƙarfi. Cikin 'yan mintuna wurin liginin zai yi ja. A ɗauki hoto nan take, domin launin ba ya daɗewa, kuma tururin asid yana cin ruwan tabarau na madubin ƙara girma.

Auna ƙarfin enzayim kuwa ya fi neman kula. Ana niƙa karan a kan ƙanƙara cikin ruwan fosfet mai pH 6 zuwa 7, a sa garin sinadarin PVPP don ya kama sinadaran fenol da ke baƙanta ruwan su kashe enzayim. Sai a haɗa da feroksaid da gwayakol, sinadarin da ke canja launi idan enzayim ya yi aiki a kansa, a karanta ƙarfin launin da na'urar auna haske a nanomita 470 cikin minti na farko zuwa na uku. Kuskuren da ya fi yawa shi ne zubar da tukar da ta kwanta bayan an tace: feroksidas na liginin a manne yake da bango, sai an wanke tukar da gishirin NaCl mai ƙarfin mola 1 kafin ya saki. Idan feroksaid ya yi yawa, enzayim ɗin yakan kulle kansa, lamba ta faɗi. Bitamin C da ke cikin ruwan kuma yakan jinkirta bayyanar launi. A tafasa wani kaso a ajiye don kwatance.

Ko lambar ta hau, a ganina ba hujja ba ce cewa liginin ya ƙaru, tunda rauni, fari da cuta duk suna ɗaga feroksidas. Sai an auna liginin ɗin kansa.

Ga makiyayi, liginin ne ke hana tumbin saniya narkar da tsohon kara. Nau'in dawa mai jijiyar ganye ruwan ƙasa, bmr6 da bmr12, liginin ɗinsu ya ragu, dabba ta fi cin moriyarsu. Dalilin raguwar yana wajen haɗa tubalan ne, a enzayim CAD da COMT, kafin a kai ga feroksidas. Wasu daga cikin irin wannan dawa sukan kwanta idan iska ta yi ƙarfi gab da girbi.