Faifan da ya ɓace da fatalwar da ta gaje shi

Shekaruna da dama ina gyaran kwamfuta, shago ne ɗan ƙarami ni da yaro ɗaya, amma har yau aikin da yafi cin kuɗin mutane a banza shine na wurin sa faifai, sai kaga an sayi sabo alhali tsohon lafiyarsa lau.

Kwanaki wani dattijo ya shigo rungume da kwamfutarsa ta tebur, yace ɗana abin sidin nan ya mutu ka canza min shi kawai. Nace Baba zauna tukuna mu gani. Ina danna maɓallin sai tiren ya fito, fitila na kamawa, to wuta dai tana zuwa. Na shiga BIOS, wato shafin saitin injin da ake shiga kafin Windows ta tashi, ga sunansa nan raɗau. Amma cikin Windows babu shi, sai wani harafi F da ke cewa shima DVD ne, ka sa faifai ka danna shi yace ba komai a ciki. Yarona har ya ɗauko sukudireba, nace ajiye.

Wannan F ɗin wurin sa faifai ne na bogi. Akwai manhajojin da ke ƙirƙirar irinsa don buɗe fayil ɗin ISO, wato kwafin faifai gaba ɗaya a fayil guda, kamar ka sa faifai na gaske, jikan Baba ne ya sa ɗaya saboda gem, da ya gama yayi ya goge ta, ita kuma ta tafi ta bar direbanta a baya, wato 'yar manhajar da Windows ke amfani da ita wajen sarrafa na'ura. Abin haushin ma tun daga Windows 8 a 2012 ba ka buƙatar su don ISO, danna fayil ɗin sau biyu kawai ya buɗe, amma yara basa ji.

Na buɗe Device Manager, inda Windows ke jera na'urorin da ke jikin injin, na kunna Show hidden devices. Ƙarƙashin DVD/CD-ROM drives ga na bogin, ga na gasken da alamar rawaya yana nuna Code 39. Masu koyo anan suke faɗuwa, su cire na bogin su kashe su kunna sai ya dawo, su sake cirewa ya sake dawowa har su fara cewa bairos ne. Uwarsa na can ƙarƙashin Storage controllers, wata na'urar bogi da ke haifo shi duk lokacin da aka tashi injin, ita zaka cire ka kuma zaɓi a goge direban gaba ɗaya. Daga nan fatalwa ta tafi.

Saura na gasken. Manhajojin faifai suna rataya sunan direbansu a rajistirin Windows, wato ma'ajiyar saitunanta, a wasu layuka biyu UpperFilters da LowerFilters, to in manhajar ta tafi sunan ya zauna, Windows sai ta nemi fayil ɗin ta rasa, sai ta ƙi loda wurin sa faifan ɗungurungum. Code 19, 31, 32, 39 da 41 yawanci nan nake fara dubawa. Ka buɗe regedit, abin gyara rajistirin, ka bi HKEY_LOCAL_MACHINE, SYSTEM, CurrentControlSet, Control, Class, ka nemo wanda ya fara da 4D36E965. Don Allah a duba lambar da kyau, maƙwabcinsa 4D36E967 na hard disk ne, inda Windows ɗin kanta take zaune, ka taɓa nasa kana iya wayar gari da injin da baya tashi, ni kaina na taɓa kwana a shago saboda wannan 7 ɗin, ban sake ba. Shi yasa kullum sai nayi Export, wato na ɗauki kwafi, na ajiye kafin in goge komai.

Na goge layukan biyu, na cire wurin sa faifan a Device Manager, na sake kunnawa. Sai gashi ya fito, amma bai da harafi, na shiga Disk Management na bashi D. Na faɗa wa Baba in yana da manhajar ƙona faifai mai yiwuwa sai an sake sa ta, don ita ma tana dogara da layukan da na goge.

Ya zaro faifai daga aljihu yace gwada min wannan, hotunan 'ya'yansa ne tun suna ƙanana. Ya buɗe. Ya daɗe yana kallo, sannan ya juyo yace to ɗana wane ƙarfe ka canza. Nace Baba ko murfin ban buɗe ba. Sai da na nuna masa ƙurar da ke kan kusoshin kafin ya yarda.