Na je Wusasa neman amsar wasu takardu

Bayan rasuwar mahaifinmu muna gyaran ɗakinsa sai na ci karo da wani ƙullin takardu a ƙasan akwati, duk sun yi ja, kowace da tambarin gicciye da furen wardi a tsakiya. Ni dai a coci na tashi amma ban taɓa ganin irin wannan gicciyen ba, kuma wallahi abin ya tsaya min a rai har na kasa barci. Inna ta ce in je Wusasa wajen amininsa da suka yi aikin reluwe tare, shi kaɗai ya rage a cikinsu.

Asabar da sassafe na shiga mota a Unguwa Uku, muka bi ta Kura da Kwanar Dangora da Tashar Yari, kafin azahar ina Kwangila, daga nan ɗan adaidaita ya kai ni. Da ka hango dutsen Kufena ka san ka iso. Na ɗan tsaya gaban cocin St. Bartholomew, ginin ƙasa irin namu na Hausa, tun lokacin da mishan ɗin da Likita Mila ya kafa a cikin birnin Zazzau ya koma Wusasa a 1929.

Baba, aminin mahaifin namu, na ganin takardun ya yi shiru, can ya ce "ɗana, ashe bai ƙona su ba." Ya ce darussan ƙungiyar AMORC ne, masu gicciye da fure, wani Ba'amurke Harvey Spencer Lewis ya kafa ta a 1915, hedikwatarta na San Jose a Kalifoniya, a Najeriya kuma cibiyarsu na Kalaba. Tushen abin ya girmi haka sosai, wasu ƙasidu ne da suka fara fitowa a Jamus a 1614 suna cewa akwai ilimin ɓoye da ba kowa ake ba wa ba. Su dai suna cewa ba addini suke yi ba, amma abin da ya ja su Baba shi ne maganar wai Almasihu ya koyar da almajiransa wani sirri da ba a faɗa a kan mumbari.

Abin da ya fi ba ni mamaki yadda abin ya iso nan, ba mai wa'azi ba coci, gidan waya ne kawai. Ka ga talla a mujalla ka aika kuɗi, darasi ya riƙa zuwa maka a ambulan, ka rufe ƙofa da daddare ka kunna kyandir ka karanta kai kaɗai, akawu da malaman makaranta da ma'aikatan reluwe na Sabon Gari su ne suka fi shiga, kuma ran Lahadi ka gan su a sahun gaba. Ya ce akwai masu bin koyarwar wani Bajamushe da ake kira Abd-ru-shin, suna da wuri a Iju can Legas, sannan tsofaffin rubuce-rubucen da aka tono a Nag Hammadi ta Masar a 1945 sun ƙara wa masu neman sirri ƙwarin gwiwa da aka fassara su. Yanzu jikokin Baba a YouTube suke ganin irin maganganun, ko sisi ba su biya.

Na ce Baba to me ya kai mahaifina ciki? Ya ce bayan an yi asarar yayana ne tun yana jariri, tambayoyi suka yi masa yawa kuma a coci ana ce masa ya yi haƙuri kawai. Shekara kusan uku yana karatun nan sannan ya bari don kansa. Nan fa hawaye ya zubo min, don ni ban san ya ɗauki wannan nauyin shi kaɗai ba, kuma har ga Allah ban ga laifinsa ba, da ya samu wanda zai zauna ya saurare shi ba na jin zai jira amsa daga ambulan.

Mama, matar Baba, ta kawo tuwon masara da miyar kuka, Baba ya sa mana albarka. Ya ce in bar masa takarda ɗaya mai rubutun hannun amininsa a gefe, na ba shi, sauran na mayar jaka na kama hanyar Kwangila kafin magariba.