Inda masu rubuta fim ɗin cin amanar aure ke tuntuɓe

Duk mai shirya irin wannan fim a Sakkwato, ya san shari'a tukuna. Kuskuren da ya fi yawa: miji ya ga saƙo a WhatsApp, washegari alƙali ya yanke hukuncin zina. Ina! Sai da shaidu huɗu da suka gani da ido, ko iƙirari. Wanda ya yi zargi babu shaidu, bulala 80 ce ta ƙazafi. Miji kuwa li'ani zai yi: rantsuwa huɗu, ta biyar ya la'anci kansa in ƙarya yake yi, matar ma ta rantse, aure ya mutu har abada. Wannan wurin ya cancanci lokaci, domin nan zuciyar mai kallo ke karyewa.

Tonon silili kuwa a gidan suna yake farawa, da raɗa da harara, kafin ya kai zauren mai unguwa.