Yadda aka gwada ni a wata masana'antar roba a Sharada

Bayan na gama hidimar ƙasa da digirina na injiniyan lantarki, na zagaya unguwannin masana'antu na Kano, wato Bompai da Challawa da Sharada, ina ajiye takardun neman aiki. Masana'antar da ta kira ni ganawa ta roba ce, masu yin bokiti da kujeru da buta.

Mutum uku na tarar a ofis: manajan ma'aikata, injiniyan sashen gyara, da wani dattijo sanye da rigar aiki wanda bai ce uffan ba. Duba takardun bai ɗauke su wani lokaci ba. Sun tambayi rajistar COREN, hukumar da ke yi wa injiniyoyi rajista a Najeriya, na ce sai na cika shekarun aikin da hukumar ke buƙata, aka wuce. Inda suka tsaya shi ne wata shidan da na yi a SIWES, wato shirin tura ɗalibai koyon aiki a masana'antu: wane inji na taɓa da hannuna, me ya lalace, wa ya gyara.

Sai injiniyan ya miƙo farar takarda, ya ce in zana haɗin sita-delta, wato haɗin wayoyin da ake tayar da babban moton lantarki da shi ba tare da ya ja wuta da yawa ba. Na zana kontakta uku (makunnan da ke haɗa wa moto wuta) da taima mai ƙirga lokacin sauya haɗin, na yi bayani cewa moto mai layi uku a kan bolt 415, idan aka tayar da shi kai tsaye, yakan ja wuta ninki shida zuwa bakwai na abin da yake ci yana aiki, haɗin sita kuwa yana rage wannan zuwa kashi ɗaya cikin uku. Ya ce, "Wannan na littafi ne. Mu a nan me ya sa abin ya dame mu?" Na ce saboda janareta. Idan wuta ta ɗauke aka koma kansa, babban moto ɗaya ya tashi da ƙarfi, wutar za ta yi ƙasa, sauran injina su faɗi. Robar da ke cikin bututun inji kuma tana narke ne a zafin da ya haura digiri 200. In tsayuwar ta yi tsawo ta daskare, sai an sake jiran hita, ga kayan da aka ɓata. A nan na ga dattijon ya ɗago kai.

Shi ya ja ni cikin masana'antar, gaban wani inji da ke tsaye. "Ɗana, wannan ya ƙi tashi. Daga ina za ka fara?" Na ce, "Baba, ina mai aiki da shi?" Aka kira shi, na tambaye shi ko ya ji wata ƙara, ko ƙaurin waya, da abin da ya yi na ƙarshe kafin injin ya tsaya. Daga nan na nemi a kashe babban makunni a sa masa kwaɗo, na gwada da mita na tabbatar babu wuta, sannan na buɗe akwatin. Na bi fis, na bi obalod, na'urar da ke yanke wuta in moto ya ja fiye da kima, na duba maɓallin tsayar da gaggawa. Matsalar tana ɗan makunnin ƙofar kariya, wanda ba ya barin inji ya motsa in ƙofar a buɗe take. Ashe masu gwada ni ne suka kwance wayarsa da gangan.

Daga baya Baban ya gaya mini cewa gano wayar ba shi ne abin da yake kallo ba. Da yawa sukan cusa hannu cikin akwati da wuta a ciki, wasu kuma su fara zargin kwamfutar injin ba su duba ƙananan abubuwa ba. Kuma yana son ya ga ko mai digiri zai iya tambayar lebura da ladabi. Na ga gaskiyarsa, domin wanda yake tsaye gaban inji kullum ya fi kowa sanin muryarsa.

Da muka koma ofis aka zo kan aikin dare da albashi. Ni ma na yi nawa tambayoyin, kuma ina ba kowa shawarar ya yi: akwai littafin da ake rubuta tarihin gyaran kowane inji? Kayan gyara a sito suke ko sai an tafi kasuwa bayan inji ya tsaya? Ana biyan ƙarin lokaci? Wa ke sayen takalmin kariya da abin toshe kunne? Manajan ya amsa wasu, ya yi alkawarin sa sauran a takardar ɗauka, ni kuma ban sa hannu ba sai da na gan su a rubuce. Aikin dare aka fara ba ni, a ƙarƙashin Baban.