Batirin da na sa aka saya a banza

Ina wata na takwas da fara koyon kanikanci aka kawo mana wata tsohuwar mota mai kafireto. Mai ita ya ce ta ishe shi da wuyar tashi. Maigida ba ya nan, ni kuma a lokacin kaina ya fara rawa, don na iya kwance kik in mayar ba tare da noti ya yi saura ba. Na murza makulli, injin ya juya a kasalance, wuu... wuu... kamar mai ciwon baya yana ƙoƙarin miƙewa. Ban yi wata-wata ba na ce batir ne. Mutumin ya sayo sabo, muka ɗaura, mota ta tashi, ya yi godiya ya tafi. Bayan kwana huɗu sai ga shi wasu samari na turo shi, fuskar nan ba annuri.

Maigida bai ce min uffan ba a gaban mutumin. Mitar auna wuta ya ɗauko. Batir ya nuna bolt 12.6, wato a cike yake taf. Sai ya ɗora tsinken mita ɗaya a kan batir ɓangaren negatif, ɗayan a jikin injin, ya ce in murza. Mita ta haura kusan 1.5, alhali a wurin bai kamata a ga fiye da 0.2 ko 0.3 ba.

"Kai yaro, taɓa wayar cok."

Na taɓa, na ji ta da ɗumi, alhali waya ce da ake ja don rage wa kafireto iska, ba ta wuta ba ce.

"Me ya kai zafi wayar cok?"

"Ban gane ba, Maigida."

Ya nuna min kakkaurar wayar nan da ke haɗa injin da bodi. Daga waje lafiyarta lau. Da muka kwance notin, ƙarƙashinsa duk tsatsa ce da wani koren gari, rabin silin wayar ya tsinke. Kik na injin fetur mai silinda huɗu yakan ja amfiya 150 zuwa 200, kuma duk wutar da ta fita daga batir sai ta sami hanyar komawa. Da ta rasa babbar hanya, sai ta riƙa bi ta wayar cok da ta totur. Sabon batirin da na sa aka saya ƙarfinsa ne ya rufa min asiri na kwana uku. Samfefa da 'yar guntuwar waya suka gama aikin.

Da yamma ya zaunar da ni, ya tambaye ni abin da na tambayi mai motar kafin in yanke hukunci. Ban tambaye shi komai ba. Tun daga ranar ba na buɗe bonet sai na ji yaushe motar take ƙi: da safe injin na sanyi, ko bayan ta sha tafiya an kashe ta na minti goma? Kuma in an murza, injin ba ya juyawa ne sam, yana juyawa a hankali, ko yana juyawa da ƙarfinsa amma ya ƙi kamawa? Masu mota duk "ta ƙi tashi" suke cewa, amma cututtuka ne daban-daban.

In ƙas ɗaya ka ji sai shiru, ko juyi mai nauyi, to maganar wuta ce, kada ma ka kalli kafireto. Auna batir ana murzawa. In ya faɗi ƙasa da 9.6 ya gaji ko bai da caji. In mota ta tashi, altaneta ya kamata ta ba da wajen 13.8 zuwa 14.4. Kan batir, wayoyi, burushin kik, a nan maganar take ƙarewa.

Inda aiki yake shi ne injin da ke juyawa garau ya ƙi kamawa. A mota mai dilko, wato abin da ke rarraba wuta zuwa fulogogi, nakan fara da tartsatsi, domin shi ya fi saurin dubawa. A zare wayar fulogi, a sa mata fulogi, a jingina shi da jikin injin, a murza. Shuɗin tartsatsi mai ƙara ake so, ja-ja mai laƙwas kuwa sai a bi sawu: kwantak, wato ɗan ƙarfen da ke buɗewa da rufewa a cikin dilko, ya cinye ko gibinsa ya rufe daga wajen milimita 0.4 da aka saba, kwandansa ta mutu, ko murfin dilko ya yi tsagar da ido ba ya gani. Irin wannan murfin shi ke sa mota ta yi gardama duk ranar da aka kwana ana ruwa, rana na fitowa ta tashi kamar ba ita ba. Fulogin kansa ma yana ba da labari. In ya fito a jiƙe yana warin fetur, mai na zuwa har ya yi yawa. In ya fito a bushe bayan an daɗe ana murzawa, mai ne bai iso ba.

Wadda ta fi ba ni wahalar fahimta ita ce mai ƙin tashi da zafi. Da safe bugu ɗaya, amma a tsaya shan mai a kashe, shi ke nan. Na canza wa wata mota mai irin wannan matsala kwayil, ba abin da ya sauya. Ashe idan aka kashe inji, fanka da ruwa sun daina zagayawa, zafi sai ya taru a ƙarƙashin bonet, fetur ɗin da ke cikin kwanon kafireto ya tafasa ya malala cikin injin. Direba kuma, cikin jin kunyar masu jira a bayansa, sai ya hau fafara totur, kowane taku yana ƙara watsa mai a kan wanda ya riga ya shaƙe ta. Maganin wurin shi ne a danne totur har ƙasa a riƙe, a murza, iska ta shiga ta share. Gyaran dindindin kuma a duba allurar fulot, mai tsayar da fetur in kwanon ya cika, da shimfiɗar da ke raba kafireto da zafin injin, wadda wasu ke yarwa in sun kwance don suna ganin ba ta da aiki.

Motoci masu injekta, wato abin da ke fesa wa inji mai bisa umarnin kwamfuta, waɗanda suka maye gurbin masu kafireto daga ƙarshen shekarun 1980, su ma yanzu sun tsufa, kuma nasu salon daban ne. Akwai gwajin da ba ya cin komai. A murza makulli har fitilun dashbod su kama, a saurari kukan famfon mai na daƙiƙa biyu, a kashe, a maimaita sau uku, sannan a tayar. In ta tashi nan take, to mai ne ke sulalewa daga layinsa cikin dare, ko dai bawul ɗin famfo ya saki ko wata injekta na ɗiga. Akwai kuma sensar zafin ruwa: in ta yi wa kwamfutar mota ƙarya cewa injin da zafinsa alhali da sanyi, za a rage mai a lokacin da aka fi buƙatarsa. Na'urar da ake jonawa ta karanta lambar matsala daga kwamfutar tana taimakawa, musamman a motocin da aka ƙera daga 1996, lokacin da Amurka ta wajabta soket iri ɗaya. Sai dai na sha ganin an jona ta ce ba matsala, mota kuwa tana nan ta ƙi motsi. Ruɓaɓɓiyar waya irin waccan ba ta barin lamba.

Matsin silinda nake barin wa ƙarshe, don shi ne labarin da ba mai son ji. Kwanaki wani dattijo ya kawo tasa, wuta lafiya, mai lafiya, tayimin daidai, amma kullum da safe sai an yi ta fama. Na auna: silinda guda uku wajen psi 100 a ma'aunin matsi, ta huɗu 70. Na ɗiga bakin mai kaɗan ta ramin fulogi na sake aunawa, allura ta yi sama. Ringi ne suka cinye.

"Baba, sai dai a sauke inji."

Ya daɗe yana kallon motar, ya shafa bonet ɗin, ya ce in mayar masa da fulogansa tukuna. Ƙofar gidansa akwai 'yar gangara, in ji shi, kuma ta ishe su shi da ita zuwa lokacin da hali zai yi. Na mayar, na kira yara biyu, muka tura shi, ya saki kuloci a giya ta biyu.