Gidaje muka nema, kwata aka ba mu

Daminar 2012 ta cinye mana katangu a unguwarmu, har ɗakin Inna sai da ya zauna. Da ruwa ya ɗauke, Mai unguwa ya tara mu a ƙofar gidansa aka ce ni ne sakataren kwamitin unguwa, don kawai na iya rubuta wasiƙa.

Lokacin shirin CSDP na Bankin Duniya, mai tallafa wa al'umma da kuɗin ayyukan raya yankunansu, wanda ya fara a 2009, yana aiki a jiharmu ta Katsina. Muka je da takardarmu muna neman a gyara mana gidaje. Jami'in ya karanta ya ce, "Malam, ba ma gina wa mutum ɗaki. Abin da kowa zai amfana muke yi." Raina ya ɓaci, na ɗauka korar mu ake.

Sai aka zo unguwa a yi zaɓen buƙatu. Mu maza muna ta zancen ɗakin taro, mata suka tsaya kai da fata a kan kwata. Wata dattijuwa ta ce ba sama ke kayar da ginin ƙasa ba, ruwan da ke kwana a gindin katanga ne. Da aka ƙirga hannaye sun fi mu, kuma sun fi mu gaskiya.

Wahalar tana wajen kashi 10 cikin ɗari na kuɗin aikin da shirin ya ce al'umma za ta kawo. Na sha karo-karo zai wadatar, wata biyu ina yawo da littafi ban tara abin kirki ba. Ashe yashi da tsakuwa da ƙwadago duk ana lissafa su a matsayin kuɗi. Da mun tambaya tun farko! Matasa suka haƙa ramin da gayya, wani mai tifa ya zubo mana yashi.

Kuɗin shirin kashi-kashi ake sakinsu a asusun kwamiti, sai an duba aikin da rasit kafin na gaba ya fito. Nan na yi wauta: na sayi siminti wurin abokina ban karɓi takarda ba, aiki ya tsaya makonni uku ana yi mini kallon ɓarawo.

Ɗakin Inna kuwa mu muka tayar da shi, da tubalin da muka buga a bayan gari. Har yanzu yaɓe kawai muke sabunta masa kafin damina.