Na makara da inshorar karena na farko

Jama'a sai da karena ya fara ɗingishi, likitan dabbobi ya ce ciwon ƙugu ne irin wanda ke yawan kama manyan karnuka kamar Labrador, sannan na tashi neman inshora. Ashe na makara, kusan duk kamfanonin ba sa biyan ciwon da dabba ta riga ta kamu da shi kafin rajista. Wallahi abin ya tsaya min a rai.

Shi ya sa da na samu sabon ɗan kwikwiyo, tun yana ƙarami na yi masa inshora. Na karanta takardun layi-layi, akwai mai biyan haɗari kawai, akwai wanda zai biya magani wata 12 ya tsaya, ni dai na ɗauki wanda ake sabunta kuɗin maganin duk shekara muddin ina biya, ya fi tsada amma ciwon suga ko na ƙugu ai ba ya ƙarewa a shekara ɗaya. Ku duba nawa za ku fara cirewa daga aljihunku kafin su biya sauran, da kwanakin jira na farko kafin inshorar ta fara aiki. Rigakafi ma yawanci ba ya ciki.

Babban kuma har yau ni ke saya masa magani, kuma ba zan fasa ba.